Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi Kan Tsofaffin Ofisoshin 'Yan Doka

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya dafa maka a kan nauyin da ke wuyanka.

Ni tsohon malamin firamare ne da ya ajiye alli, mahaifina kuwa ɗan doka ne a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Abin da ya rage mana na aikinsa bai wuce usur ba, da ɗamarar fata, da kulkin da ya yi baƙi don yawan riƙo. Kwanan baya na je ta'aziyya garinmu, da muka fito daga zaure sai ƙafata ta ja ni zuwa tsohon caji ofis ɗin da ya yi aiki. Ranka ya daɗe, da ƙyar na gane wurin. Damina ta zaftare bangon gabas, azara ta fito fili, gara ta yi gini a kanta. Ɗakin da ake tsare masu laifi, mai ƙofar ƙarfe da 'yar taga can sama wadda hannun mutum ba ya kaiwa, wani ya cika shi da buhunan taki ya ɗana kwaɗo. A barandar da ake zaman ɗaukar ƙara awaki ne kwance. Na tambayi samarin da ke cajin waya a gefen ginin ko sun san mene ne nan. Ɗaya ya ce, "Baba, tsohon sito ne." Ban ga laifinsa ba. Wa ya taɓa gaya masa?

Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine sun girmi jiharmu nesa ba kusa ba, tunda ita sai 1991 aka yanke ta daga Sakkwato. Kafin Turawa, dogarai ne idon sarki da hannunsa. Da mulkin En'e ya kafu aka fitar da 'yan doka, aka ɗinka musu kaki, aka sa su ƙarƙashin Wakilin Doka, albashinsu na fitowa daga baitulmali. A gefe guda kuma ga 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930. Haka aka tafi da hukumomi biyu har ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ya ƙarasa binne En'e ɗin kanta.

Daga nan maraicin gine-ginen ya fara. Waɗanda 'yan sanda suka gada sun zauna ciki har suka sami sabon wuri na siminti suka tashi. Waɗansu sun koma hannun ƙaramar hukuma, aka mai da su sito ko ɗakin 'yan banga, ko aka yayyanka su shaguna. Saura kuwa suka zama kamar kayan gadon da magada suka yi yawa: kowa na cewa nasa ne, amma babu mai ɗaukar laka ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Idan bango ya faɗi, ba a jimawa fili ya sami mai shi.

Na san abin da za a ce mini. Jihar da aka kwashe ɗalibanta a Birnin Yauri a 2021, jihar da Lakurawa ke hana manoman arewacinta barci, ina ta ga sukunin tsohon gini? Wallahi ni ma wannan damuwa tana cina. Amma ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Yau ana ta muhawara a kan kafa 'yan sandan jihohi, maƙwabciyarmu Zamfara ta kafa askarawanta a 2024, mutane na magana kamar ba a taɓa gwada tsaro na gida a ƙasar nan ba. An gwada, mun kuma ga zaƙinsa da ɗacinsa. Ɗan doka ya san kowace hanya da kowane zaure. Baƙo bai kwana a gari mai unguwa bai sani ba, ɓarawon shanu kuwa kafin ya kai kasuwa labarinsa ya riga shi. Wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa an yi amfani da 'yan doka wajen kama 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU, an jefa talaka a ɗaki saboda haraji ko jangali, wani ma don bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Mahaifina da bakinsa ya taɓa ce mini akwai kamun da ya yi wanda har ya tsufa yana neman gafarar Allah a kansa, domin ya san mutumin bai yi komai ba, umarni ne daga sama. Duk wanda zai zauna tsara dokar 'yan sandan jiha, ina so a kai shi ya tsaya a irin wannan ɗaki mai 'yar taga na minti biyar kafin ya sa hannu.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu fadar sarki ce tun 1831. Da aka tashi daga cikinta a 1942 ba a bar ta ta zube ba, a 1958 aka buɗe ta gidan tarihi, ga ta nan yau baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi suna shiga suna ganin kayan yaƙin Kabawa. Na sha kai 'yan aji shida can, na ga yadda yaro ke yin shiru idan ya ga abu da idonsa, shirun da ban taɓa samu da allo da alli ba. Kai da ka riƙe aji har ka shugabanci ƙungiyar malaman Najeriya ka fi ni sanin wannan.

Roƙona ba mai tsada ba ne. A tura mutane masarautun nan huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, su ƙirga abin da ya saura na ofisoshin 'yan doka da barikokinsu da tsofaffin gidajen yari, a ɗauki hoto, a rubuta wanda ke riƙe da kowane. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka kana da ikon dakatar da rabon irin waɗannan filaye har a gama bincike. Wanda yake na rundunar 'yan sanda a zauna da Kwamishina a daidaita. Sannan a zaɓi ko da ɗaya ne a kowace masarauta, a kira maginan gargajiya su gyara shi da ƙasa da azara yadda aka san shi, kada a lulluɓe shi da tayil. A mai da gaban ɗakin karatu na yaran unguwa, a bar ɗakin tsarewar yadda yake, da ƙofarsa. Takardun lardin Sakkwato da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, a ɗauko kwafinsu a ajiye a ciki.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen. Wanda ya shiga aikin doka yana saurayi a 1965 yau ya doshi tamanin ko ya wuce. Kaɗan suka rage, haka ma waɗanda suka kwana a hannunsu. A tura ɗaliban tarihi da na'urar ɗaukar murya su zauna da ɓangarorin biyu tun suna iya magana. Ranar da aka buɗe ɗaki na farko, ni da ƙannena mun yi shawara za mu kawo usur ɗin da kulkin mu miƙa kyauta.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Birnin Kebbi.