Babban Firist na Sama: a Fara Duba Ranar Kafara

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin gyara wata fahimta da ke yawan fitowa idan ana bayanin aƙidar Kirista. Da an ce Yesu Almasihu babban firist ne a sama, sai wasu su ɗauka ana nufin shugaban fastoci ko mai jan salla. Ba wa'azi ne asalin aikin babban firist ba. Aikinsa shi ne shiga gaban Allah da jinin hadaya a madadin jama'a.

Wanda ke son gane maganar sai ya buɗe Littafin Firistoci sura 16 a cikin Littafi Mai Tsarki. Sau ɗaya tak a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, wato Ranar Kafara, Haruna, babban firist na farko na Isra'ilawa, ko magajinsa yakan yi wanka, ya tuɓe kayan ado ya sa tufafin lilin. Zai fara yanka bijimi saboda zunubinsa da na iyalinsa. Akwai bunsuru biyu da aka yi wa ƙuri'a. Kafin ya kai jini bayan labule, wato Wuri Mafi Tsarki na alfarwar sujada inda akwatin alkawarin Allah yake, zai shiga da garwashi daga bagade da turare cike da tafin hannu biyu, hayaƙin ya rufe murfin akwatin alkawari, don kada ya mutu. Sannan ya yayyafa jinin da yatsa, sau 7 a gaban murfin. Haka zai yi da jinin bunsurun da ƙuri'ar Ubangiji ta faɗa wa. Ɗayan kuwa, zai ɗora masa hannu biyu a ka, ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Gawar bijimin da ta bunsurun da aka yanka a bayan zangon Isra'ilawa ake ƙone su.

A lura: a waje ake yanka, amma sai an shiga ciki aikin yake cika. A kan wannan Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta gina hujjarta. Gicciye shi ne hadayar, hawan Yesu zuwa sama kuma shi ne shiga Wuri Mafi Tsarki na ainihi, wanda ba hannun mutum ya gina ba, da jininsa na kansa.

Akwai matsala ta shari'a, kuma marubucin bai ɓoye ta ba. Firistoci daga kabilar Lawi suke, Yesu kuwa daga Yahuza. Amsar marubucin ita ce Malkisadik, sarkin Salem, wanda Farawa sura 14 ta ce ya sa wa Ibrahim albarka, Ibrahim kuma ya ba shi ushiri. Ba a ambaci asalinsa ko mutuwarsa ba, Zabura 110 kuma ta yi maganar firist na har abada bisa ga tsarinsa, wanda marubucin ya ce Yesu ne. Tunda Ibrahim kakan Lawi ne ya miƙa ushirin, tsarin Malkisadik ne a gaba.

Kuskuren da ya fi yawa, har a bakin wasu masu wa'azi, shi ne ɗauka cewa ana maimaita hadayar a sama kullum. Ibraniyawa sura 10 ta kore wannan da kalma ɗaya: firistocin dā suna aiki a tsaye, Yesu kuwa ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna. Abin da ke ci gaba shi ne roƙo domin masu bi, kamar yadda sura 7 ta nuna.

Ɗarikoki sun bambanta kan abin da ya biyo baya. Katolika da Otodoks suna kiran limamansu firistoci, masu tarayya cikin firistancin Almasihu. Yawancin Furotesta suna ƙarfafa cewa dukan masu bi firistoci ne, suna kafa hujja da 1 Bitrus 2:9. Mai rubutu kan batun ya kamata ya faɗi ra'ayin wace ɗarika yake kawowa.

Na gode.

Wani mai karanta jaridarku