Wasiƙar godiya ga masu fitar da Debian da masu tsaronta

Zuwa ga kwamitin fitar da sabon zubi na Debian, da kwamitin tsaro, da duk 'yan sa-kan da ke gwada manhajojin kafin su iso gare mu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni mai kula da sabobi ne a wata ƙaramar ma'aikata, kuma dukkan waɗannan sabobin, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, a kan Debian suke tafiya, tsarin sarrafa kwamfuta na Linux da 'yan sa-kai ke haɗawa. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a. Galibi mutane kan yaba wa masu manhaja ne saboda sabon abin da suka ƙirƙiro. Ni kuwa abin da ya sa na rubuto muku shi ne yadda kuka iya cewa "tukuna", ku tsare abu a bakin ƙofa har sai ya nuna, ko da ana yi muku gunaguni.

Ga wanda bai san tsarin ba, duk sabon ƙunshin manhaja yana fara sauka ne a reshen da ake kira unstable. Ba ya wucewa zuwa reshen testing sai ya yi 'yan kwanaki, yawanci 5, ba tare da an kama shi da babban kuskure ba. Idan ya ci gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta, waɗanda ake kira autopkgtest, ana rage masa jiran, amma idan zuwansa ya karya wata manhajar da ta dogara da shi, nan zai tsaya har a gyara. Ƙunshin da aka bar shi da mummunan kuskure ba mai kula da shi, galibi cire shi ake yi daga testing. Daga nan sai lokacin daskarewa, inda ake rufe ƙofa mataki-mataki, a daina karɓar sabon abu sai gyara, har a fitar da testing a matsayin stable, zubin da jama'a ke aiki da shi. Na Debian 12 ya fara ne a watan Janairun 2023, ba a fitar da ita ba sai 10 ga Yuni, da ƙunshi sama da 64,000. Debian 13 ma haka, an fara matse ta tun watan Maris na 2025, ta fito 9 ga Agusta. Watanni kusan 5 ke nan kuna ƙin karɓar roƙon masu son a saka musu sabon abu a ƙurarren lokaci. Na tabbata ba aiki ne mai jawo wa mutum masoya ba.

Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai.

Na farko ya faru ne a ranar 9 ga Disambar 2023, ranar da aka tsayar don fitar da 12.3, ɗaya daga cikin ƙananan sabuntawar Debian 12. Aiki ya riga ya kankama, sai aka gano cewa zuciyar Linux da ke ciki, mai lamba 6.1.64, tana iya lalata bayanai a faifan da ke kan tsarin ext4. Ext4 kuwa shi ne tsarin da yawancinmu muke ajiye komai a kai. Ba ku rufa-rufa ba, ba ku kuma ce a bari a gani ba. Kun tsayar da aikin, kun sanar da jama'a kada kowa ya sabunta na'urarsa, washegari kuka fito da 12.4 ɗauke da 6.1.66 wadda aka gyara. A ƙarshen mako ne fa, kuma mafi yawanku ba albashi ake biyanku ba. Wanda sabar ta tsaya masa yana iya tayar da ita cikin awa guda. Wanda fayilolinsa suka lalace a ɓoye yana iya yin makonni bai sani ba, har lalatattun su shiga cikin ajiyar da yake taƙama da ita. Mai kula da saba ne kaɗai zai fahimci nauyin abin da kuka sauke mana a wannan rana.

Na biyu shi ne batun xz. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ya bayyana cewa an dasa ɓarauniyar hanya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1 na wannan ƙaramar manhajar matse fayil. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara 2 yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Abin da ya tona asirin shi ne Freund yana gwaji a kan unstable, sai ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kau da kai. Mu da ke kan stable muna riƙe da tsohon zubi na 5.4.1, gubar ba ta iso mu ba. Akwai sa'a a ciki, ban musa ba, domin da abin ya daɗe a ɓoye yana iya tsallakawa. Sai dai ita sa'ar ta samu wurin zama ne saboda akwai reshen da masu ido suke gwaji a kai, akwai kuma tazara tsakaninsa da na'urorin da jama'a suka dogara da su. Ku kuka gina wannan tazara, ku kuke tsare ta.

Ban ce ba ku taɓa tuntuɓe ba. A 2006 wani faci da aka yi wa OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin bayanai, a Debian ya raunana makullan sirri, ba a gano ba sai a watan Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello, ɗaya daga cikinku, ya bankaɗo shi. Abin ya yi muni ƙwarai. Amma ku da kanku kuka sanar, kuka fito da abin tantance makullan da suka lalace. Yarjejeniyar da kuka rubuta wa jama'a tun 1997 ta yi alkawarin ba za ku ɓoye matsala ba, kuma har yau rumbun rahoton kurakuranku a buɗe yake, kowa na iya karanta gardamar da aka yi kafin a yanke hukunci. Kamfanoni nawa ne masu karɓar kuɗinmu za su yarda a leƙa musu haka?

Masu cewa manhajojin stable sun tsufa suna da gaskiyarsu. Ni ma nakan so sabon abu. Amma na fi son in san cewa gyaran tsaron da zai zo cikin dare zai toshe ɓarakar kawai, ba zai canza mini halin manhajar ba, domin kwamitin tsaro kan ɗauko facin ne ya daidaita shi da tsohon zubin. Shekara 3 suna wannan aikin a kan kowace fitowa, sannan masu LTS, wato masu tallafi na dogon zango, su karɓa su kai ta shekara 5. Godiyata ta haɗa da su, da kuma masu aiko rahoton kuskure ta manhajar reportbug waɗanda ba wanda ya san sunansu.

Tunda godiyar baki ba ta gyara manhaja, na ware wata tsohuwar kwamfuta na ɗora mata testing, zan riƙa gwada manhajojin da muke aiki da su kafin Debian 14 ta daskare, in aiko muku da duk abin da na gani. Ina kira ga abokan sana'ata masu na'urar da ke zaune ba aiki su yi haka.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira da haƙuri.

Naku,
Wani mai kula da sabobi