Wasiƙa zuwa ga aminina a kan babi na uku

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya karatu, ya kuma haƙuri da nisa? Allah ya sa a gama lafiya.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta daftarin babi na uku na kundin bincikenka, wato babin hanyoyin gudanar da bincike, da ka haɗo da shi har sau biyu. Ka ce malamin da ke duba aikinka ya dawo maka da shi, kusan kowane shafi ya rubuta "me ya sa?" a gefe. Kada ranka ya ɓaci, gaskiya ya faɗa maka. Ka cika shafi shida da ma'anonin da ka kwaso daga littattafai, mene ne samfuri (mutanen da ake zaɓowa su wakilci sauran), mece ce takardar tambayoyi, amma ba ka faɗi abin da kai za ka yi ba, balle dalilinsa. Masu jarrabawa sun san waɗannan ma'anoni tuntuni. Abin da suke aunawa shi ne, in wani da bai taɓa ganinka ba ya ɗauki babin nan, zai iya maimaita binciken daga farko har ƙarshe ba tare da ya neme ka ba?

Kafin ka sake taɓa kwamfuta, ɗauki farar takarda ka raba ta gida biyar: tambayar bincike, bayanin da zai amsa ta, wurin wa za a same shi, da wane kayan aiki, sannan yadda za a ƙalailaice shi. Tambayoyinka uku ne, layi uku ke nan za ka cike. Duk gidan da ya gagare ka, nan ɓarakar take. Ɗauki tambayarka ta biyu, mai neman alaƙar yawan amfani da waya da sakamakon jarrabawar ɗalibai. A daftarin ka ce ɗalibi za ka tambaya makinsa. Wani zai manta, wani zai ƙara don jin kunya. In kuwa daga ofishin jarrabawa makin zai fito, kana bukatar izini a rubuce, da lambar da za ta haɗa takardar kowane ɗalibi da makinsa ba tare da sunansa ya bayyana ba. Ka ga gida ɗaya ya tono maka aikin makonni da ba ka sa a lissafi ba.

Kalmar "tasiri" da ke takenka ma ka sake duba ta. Bayanan da aka tattara a lokaci guda alaƙa kawai suke iya nunawa. In ka tarar masu yawan riƙe waya makinsu ya yi ƙasa, ba ka san ko wayar ce ta ja su ƙasa ba, ko kuwa wanda karatu ya riga ya gagara ne yake fakewa da ita. Mai son ya ce kaza ne ya haddasa kaza, sai ya yi gwaji da rukuni biyu da aka raba ta hanyar ƙuri'a, ko aƙalla ya bi mutanen na tsawon lokaci. Ba ka da wannan sararin, don haka mai da ita "alaƙa" ka huta.

Sai maganar adadi. Ka ce ɗaliban da binciken ya shafa 2,000 ne. Faɗi inda ka samo wannan adadi da shekarar karatun da yake wakilta. Ka rubuta cewa za ka raba takarda 200, ba ka faɗi daga ina 200 ɗin ta fito ba. In ka bi lissafin Yamane na 1967, wanda ake fitar da yawan mutanen da za a tambaya da shi, da kuskuren kashi 5 cikin 100, wato 0.05, ga yadda yake: 0.05 sau 0.05 ya ba da 0.0025, sau 2,000 ya zama 5, a ƙara 1 ya zama 6, a raba 2,000 gida 6 a samu 333.3, wato mutum 334. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 kuma 322 ya bayar ga mutum 2,000. Duka biyun ana karɓa, ka zaɓi ɗaya ka nuna lissafin a fili. Amma ka tuna 334 takardun da suka dawo cikakku ne, ba waɗanda ka raba ba. In kana kyautata zaton kashi 80 cikin 100 za su dawo, raba 334 da 0.8, sai ka buga 418.

Inda na fi so ka natsu shi ne yadda za ka zaɓo mutanen, domin nan ake yawan kama ɗalibai ranar kare kundi. Waɗannan lissafe-lissafe an gina su ne a kan cewa kowa yana da damar shiga daidai da ta kowa. Wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu yana miƙa wa duk wanda ya gifta takarda, masu zuwa ɗakin karatu kaɗai ya samu, su kuwa ba su ne hoton sauran ɗalibai ba. Haka wanda ya tura fom ta WhatsApp: a bincike irin naka, masu yawan riƙe waya su ne za su fara cikewa, ka ga tun daga tushe an karkace. Nemi cikakken jerin sunaye. Tunda tsangayoyinka biyu ne, a ce ɗaya tana da 1,200 ɗaya 800, raba 418 bisa girmansu, 251 da 167. Zuba kowane jeri a Excel, ka sa ta ba kowane suna lambar ƙuri'a, ka jera su bisa lambar, ka ɗebi adadin da kake so daga sama. In jerin sunayen bai samu ba, ka rubuta gaskiya cewa waɗanda suka sauwaƙa ka ɗauka, ka kuma ambaci hakan cikin naƙasun bincike. Naƙasun da ka faɗa da bakinka ana yafe shi, wanda aka bankaɗo kuwa yakan sa a daina yarda da sauran kundin.

Na duba takardar tambayoyin. Tambaya ta 9 tana cewa "waya tana taimaka mini wajen karatu da zumunci." Wanda take taimaka wa a zumunci kaɗai me zai zaɓa? Raba ta biyu. Ta 14 kuma ta riga ta sa wa mai amsa magana a baki. Ma'aunin Likert mai mataki biyar da ka ɗauka, wanda mai amsa ke zaɓar matakin yardarsa da magana daga 1 zuwa 5, ya yi, sai dai ka bar shi a tsari ɗaya har ƙarshe, kada 5 ta zama "na yarda sosai" a wani shafi ta koma akasin haka a wani. In za ka fassara takardar zuwa wani harshe, mutum ɗaya ya fassara, wani daban da bai ga ta asali ba ya mayar da ita, sannan a gwama biyun.

Bayan masana sun duba ko tambayoyin suna auna abin da ake nufi, gwada takardar a kan mutum 20 zuwa 30 masu kama da mutanenka, waɗanda ba za su shiga babban binciken ba. Zauna kusa da su da agogo. Duk inda ka ga mutum ya tsaya yana juya biro, ko ya ɗago kai zai yi tambaya, sa alama a wurin. Daga nan ka fitar da alfa ta Cronbach, lissafin da ke nuna ko tambayoyin sashe ɗaya suna tafiya tare, kowane sashe da tasa, ba ta takardar gaba ɗaya ba. An saba karɓar 0.70 zuwa sama. In ta faɗi warwas, fara duba tambayoyin da aka rubuta a juye, irin "ba na buɗe waya a aji", domin sau da yawa mantawa ake yi a juya makinsu kafin lissafi.

Hirar da ka ce za ka yi da malamai, ka ware mata lokaci: awa ɗaya ta magana takan ci awa huɗu zuwa shida wajen mayar da ita rubutu. Matakai shida na fitar da jigogi da Braun da Clarke suka tsara a 2006 za su ishe ka.

Cewa "za a yi amfani da SPSS" ba bayanin nazari ba ne, sunan manhaja ne kawai. Kowace tambayar bincike ka faɗi gwajin lissafin da za a yi mata. Kwatanta matsakaicin rukuni biyu gwajin t ne, uku zuwa sama ANOVA. Alaƙar awoyin waya da maki Pearson ce in alƙaluman sun cika sharuɗɗa, in ba haka ba Spearman. Kai-sikweya kuma, wadda ake gwada alaƙar rukunan da aka ƙirga a jadawali da ita, takan yi rauni idan adadin da ake tsammani a gidajen jadawali ya gaza 5, sai a haɗe wasu rukunan. Yanke wannan duka tun kafin ka ga bayanan.

Kada ka raba ko takarda ɗaya kafin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito, don akwai jami'o'in da ba sa karɓar bayanan da aka tattara kafin izini. Ka tanadi takardar yarda da ke gaya wa mutum yana iya janyewa duk lokacin da ya so. Sannan ka sayi ƙaramin littafi kana rubuta abin da ya faru kullum: nawa aka raba, nawa suka dawo, nawa aka cire kuma don me. Da shi za ka mayar da babin daga "za a yi" zuwa "an yi", ka kuma rubuta abin da ya auku a zahiri ko da ya saɓa wa shirin farko.

Ka cike jadawalin nan mai gida biyar ka turo mini tare da gyararriyar takardar tambayoyi kafin ka koma wurin malaminka, in duba maka su. Ka gaishe mini da mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka