Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Birnin Maradi: A Zo A Duba Ƙarfe Kafin A Zuba Dal

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Mu magina ne da masu ɗaurin ƙarfe, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu.

Mai gida yana kai takardar fili da zanen gini meri, ya biya, ya jira, a buga masa tambari a ba shi izini. To, daga nan fa? Ranar da za a zuba dal, wato rufin kankare, wadda ita ce ranar da ake yanke wa gida hukuncin tsayuwa ko faɗuwa, da wuya ka ga wani ma'aikaci a wurin. Tambarin nan alkawari ne kuka ɗauka cewa hukuma ta sa ido. Ko tawada kawai ake sayar wa mutane?

Dal na gida yana son siminti kilo 350 a kowane mita kubik, wato buhu 7, da yashi kimanin lita 400, da tsakuwa lita 800. Ruwa kada ya wuce rabin nauyin siminti, wajen lita 25 ga buhu. Yau ana zuba buhu 5, a cika ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu a bokiti, a kira shi kankare. Yashin Gulbi kuwa, wani yana zuwa da laka. A zuba shi a kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ya kwanta, lakar za ta fito a sama kowa ya gani. Wannan gwajin ba ya cin ko dala.

Amma babban abin shi ne ƙarfe, domin shi kaɗai ne ba a sake ganinsa da zarar kankare ya rufe shi. Zane ya ce mai lamba 12, wato kaurin milimita 12, a ɗaura mai lamba 10. A faɗaɗa tazara don a rage sanda biyu uku. A shimfiɗa shi kai tsaye kan katako ba tare da an ɗaga shi santimita 2 zuwa 3 ba, sai damina ta ratsa, tsatsa ta kumbura shi, ƙasan dal ya fara ɓantarewa. A baranda mai leƙowa waje, ƙarfen da ke riƙe nauyi a sama yake zama. Masu zuba kwaɓi su tattake shi ya koma ƙasa, barandar ta tsage daga gindi. A dal na urdi mai 16 da 4, wato bulon rufi mai kaurin santimita 16 da kankare santimita 4 a samansa, a ƙwaƙule santimita huɗun saman su koma biyu. Galibin wannan, mai awo a hannu zai gane shi cikin rabin awa, in ya zo kwana ɗaya kafin zubi. In ya zo bayan zubi, sai dai ya yaba fenti.

Saboda haka muna roƙo, don Allah: a mayar da duba ƙarfe sharaɗi cikin izinin gini. Mai gida ya sanar, ma'aikaci ya zo cikin kwana 2, ya auna, ya sa hannu da sunansa. Babu sa hannu, babu zubi, daga unguwar Zariya har unguwar Ali Ɗan Sofo, ko gidan Alhaji wane ne. A kuma rubuta a takardar cewa ba a cire tokarar da ke riƙe dal kafin kwana 21, kuma a shayar da dal ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, balle a zafin Afrilu da yake busar da kankare tun bai kama ba.

Jerin takardu da kuɗin izini ma, a manna su a bango a kowace ɗaya daga cikin da'irori ukun birnin nan, a huta da ƴan tsakani. Batun masu ɗora bene kan ginshiƙin da aka yi wa rufin kwano, sai wata wasiƙar.

Allah ya taya riƙo.

Daga wasu magina da masu ɗaurin ƙarfe, Maradi.