Titin Babbar Kasuwar Marwa Ya Isa A Zo Dominsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan titin da ya bi ta gaban babbar kasuwar Marwa, hedikwatar Jihar Arewa Mai Nisa a nan Kamaru, titin da cibiyar masu sana'ar hannu take a bakinsa, wanda kuma a gefensa na tashi tun ina yaro ina riƙe wa mahaifina fata yana yanka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji daga bakin ɗan ƙanena. Wani abokin cinikina ya zo daga Duwala, ya tambaye shi inda ya kamata baƙo ya je ya buɗe ido, sai yaron ya ce masa ai babu abin gani a cikin Marwa, sai dai in mutum zai tafi gandun dajin Waza ko ƙauyen Rumsiki da ke cikin duwatsun Kapsiki. Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Da Litinin ta zo, wadda ita ce ranar da kasuwarmu ta fi cika, na ɗauki baƙon nan muka bi titin da ƙafa tun hantsi, kuma ba mu rabu da shi ba sai da aka kira azahar. Ya tsaya wurin dukawa ya ga yadda ake ɗinka takalmi da jaka da kube, ya tambayi masu kayan doki amfanin linzami da sirdin da ake ƙawata dawakin Lamiɗo da su ranar hawan Sallah, ya ɗanɗana kilishi, ya yi cinikin albasar da garinmu ya yi suna da ita har kudancin ƙasa, sannan ya zauna a inuwar darbejiya yana jin Fulatanci da Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa da Faransanci suna cuɗanya a tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da zai koma, tsarabar da ya ɗauka ta fi kayan da ya zo da su yawa.

Masu shekaru irin nawa sun san lokacin da wannan titi yake cike da Turawa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi ke sauka kuma hanyoyi suke bushe. Suna sauka a filin jirgin Salak, su kwana a gari, su wuce gandun dajin Waza da ke kimanin kilomita 120 arewa da mu domin su ga giwaye da raƙuman dawa, ko su hau duwatsun Kapsiki, amma da wuya ɗayansu ya koma ƙasarsa bai biyo ta kasuwa ba. Wannan ya yanke ne tun daga watan Fabrairun 2013, lokacin da 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza, sannan abin ya ƙara muni da hare-haren ƙunar baƙin wake na watan Yulin 2015, waɗanda suka taɓa kasuwar kanta da unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da ita. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga nan ciniki ya ja baya, kuma na ga yaran da suka fara koyon dukanci sun ajiye basilla sun koma hayar babur, abin da ba zan zarge su a kansa ba tunda ciki ba ya jiran dawowar Bature.

Sai dai kuskuren da nake ganin mun yi shi ne, mun ɗauka cewa ɗan yawon buɗe ido Bature ne kawai, saboda haka da ya daina zuwa sai muka saki jiki kamar baƙi sun ƙare. Alhali tun da aka buɗe Jami'ar Marwa a 2008, ɗalibai daga ko'ina cikin Kamaru da ma Chadi suke zuwa, iyayensu kuma suna biyo su. Ma'aikatan gwamnati daga kudu ana turo su aiki nan, 'yan kasuwa suna sauka daga Injamena ta Kusiri, 'yan'uwanmu na Mubi da Borno ba su daina shigowa ba. Duk waɗannan mutane suna son su koma gida da abin da za su nuna cewa sun zo Marwa, kuma baƙonka annabinka ne ko daga wace nahiya ya fito.

Idan kuwa haka ne, to titin yana bukatar gyara, amma gyaran da nake nufi ya sha bamban da wanda na kan ji wasu suna fata. Akwai masu ganin cewa ci gaba shi ne a kori masu tebur da masu talla, a sare itatuwa a faɗaɗa kwalta, a jera shaguna masu gilashi irin na manyan birane. Duk wanda ya zo daga Yawunde ko Duwala ya baro irin waɗannan shaguna a gida, kuma ba zai sha wahalar jirgin ƙasa zuwa Ngaundere da doguwar tafiyar mota ta Garwa ba domin ya zo ya sake ganinsu. Abin da babu a wurinsu shi ne baduku yana aiki a gaban idonka, da mai saƙa faifai, da maƙeri, da wannan inuwa ta darbejiya wadda ba don ita ba babu mai iya tafiyar ƙafa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Itace guda da aka sare a yini ɗaya, sai an yi shekaru kafin wanda aka dasa a madadinsa ya ba da inuwa. Roƙona ga hukumomin gari shi ne su riƙa yashe magudanan ruwa kafin damina ta faɗi, su ware wa masu tafiya da ƙafa gefensu, su tsayar wa masu babur wurin jiran fasinja, su samar da makewayi mai tsabta da fitilu masu aiki da hasken rana, sannan su tsara wa ƙananan 'yan kasuwa wurin zama a kan titin maimakon a tura su bayan gari inda babu mai ganinsu.

Mu ma 'yan kasuwa muna da namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da zarar an ji harshen mutum ba na gari ba ne, sai a ninka masa kuɗi sau uku, wasu samari kuma su yi ta binsa suna jan hannunsa zuwa rumfar da za a ba su la'ada, har ya gaji ya fita bai sayi komai ba. Wanda ya fi damuna shi ne yadda ake cakuɗa jakunkunan roba na kanti da aikin hannu a ce wa baƙo duk fata ce. Fatar gaskiya tana da doguwar hanya kafin ta iso rumfa: majema su jiƙa ta su cire gashi, su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai har ta yi laushi, a rina ta da karan dafi idan ja ake so, sannan baduku ya karɓa. Wanda ya sayar da roba da sunan wannan wahala ya cuci mai saye, ya kuma cuci majemin da ke tsaye cikin rana. Haka nan ya kamata mu daina tallata kayan fatar kada da ta mesa, domin akwai dokokin ƙasa da ƙasa da suka taƙaita fita da su, kuma baƙon da aka ƙwace wa tsaraba a filin jirgi ba zai yi mana kyakkyawar shaida ba, alhali fatar akuya da ta tunkiya sun wadatar.

Shawarata ga shugabannin masu sana'ar hannu ita ce su haɗa kai su fito da wata alama da za a riƙa bugawa a kan duk abin da aka yi da hannu a Marwa, su kuma zaɓi wasu daga cikin samarinmu masu jin Faransanci da Turanci a koya musu tarihin gari da na sana'o'in, a ba su shaidar aiki da kuɗin jagora sananne, tunda da ɗan gari akan ci gari. Ni dai na riga na fara da ɗan ƙanen nan nawa, domin yanzu kowace Litinin yana tare da ni a rumfa, kuma makon jiya shi ya raka wasu ɗalibai biyu 'yan Chadi har wurin majema.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani baduku daga Marwa, Kamaru