Hajiya, Cefanen Ƙulli-Ƙulli Yana Cinye Mana Albashi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Hajiya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da iyalinki da dukkan waɗanda ke taya ki gabatar da wannan fili na zaman iyali, ina roƙon ki karanta wasiƙata ba tare da ambaton suna ko unguwa ba, domin maganar ta shafi cikin ɗakina, kuma ba na so wani ya ɗauka na fito da sirrin aurena bainar jama'a.

Ni matar aure ce a birnin Kano. Ba na aikin ofis kuma ba na sana'ar fita, aikina shi ne kula da gida da yara huɗu, babbar tana ƙaramar sakandare, autan kuma bai daɗe da yaye ba. Ƙanin maigidana da ke karatu yana zaune tare da mu, saboda haka baki bakwai nake ciyarwa safe da rana da dare. Maigidana ma'aikaci ne mai jiran albashin ƙarshen wata, mutum ne mai ƙoƙari da riƙon amana, kuma ina shaida a gaban Allah cewa bai taɓa fita ya bar mu babu ko sisi ba, sai dai idan babu a aljihunsa. Na fara da wannan ne domin kada ki ji abin da zan faɗa ki zaci ƙararsa na kawo.

Kin san halin da aka shiga tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, yadda kuɗin mota ya tashi ya ja farashin komai a bayansa, daga masara har gishiri. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a shekarar 2024 mun yi murna, amma ƙarin bai kai ga tukunya ba, domin kuɗin makaranta da kuɗin haya da kuɗin motar zuwa aiki sun riga sun tare shi a hanya. Ban rubuto don in yi kukan tsadar rayuwa ba, kowa yana cikinta. Abin da ya hana ni barci shi ne na tabbata da wannan kuɗin da ke shigo mana za mu fi haka wadata, da a ce mun sauya yadda muke kashe shi.

Tsarin gidanmu shi ne kowace safiya maigida zai ajiye mini kuɗin cefane kafin ya fita. Da su zan aika yaro shagon unguwa ya auno shinkafa ko garin tuwo gwargwadon na ranar, ya sayo mai a ƙulle a leda, da gishiri a ƙulle, da dunƙulen maggi ɗai-ɗai, da gawayi a leda, da omo ɗan ƙaramin ƙunshi, sa'an nan mai kayan miya ya kasa mini tumatir da attaruhu da albasa. Wanda bai taɓa zama ya lissafa ba zai ga kamar wannan ne tattali, tunda ba a sayen abin da ya wuce buƙata. Ni da nake gaban murhu na san akasin haka ne. Man gyaɗan da nake saye a ƙulle, idan na tara na wata guda, kuɗinsa ya zarce na galan nesa ba kusa ba, ga wanda ke maƙalewa a jikin leda. Mai shago kuwa ba laifinsa ba ne, shi ma sarowa ya yi, kuma dole ya ɗora ribarsa a kan kowane ƙulli. Ranar da kuɗin safe bai isa ba sai a rubuta mana bashi, idan albashi ya shigo kuma bashin ne ake fara biya, sai mu sake faɗawa cikin wani watan da hannu a ɗaure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar lokaci. Duk macen da ta taso a ƙasar Hausa ta san hatsi yana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon gero da dawa da masara da wake ke cika kasuwar Dawanau, kuma ta san farashin yana hawa idan damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa. Haka tumatir: da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na noman rani daga Kadawa da Kura ke shigowa kasuwar 'Yankaba, kwando yakan yi arahar da har manoma ke kuka, amma da an shiga damina sai ya koma abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sayen tumatir da damina ba. Da rani take yanka shi ta shanya a kan tabarma ta yi kauɗa, ta busar da kuɓewa da tattasai, ta daka kuka, ta zuba kowanne a mazubinsa, kuma da wannan take kai mu har wata kakar. Na iya duk waɗannan ayyuka, Hajiya, a hannunta na koya. Abin da ya hana ni yi shi ne ba na taɓa riƙe kuɗin da ya wuce na yini guda.

Na yi wa maigida maganar cikin ladabi, na ce ko da buhu guda na masara da rabin buhun wake ya saya mana da kaka, sauran sai mu riƙa cikewa a hankali. Bai yi faɗa ba, amma bai amince ba, kuma dalilansa ba na banza ba ne. Ya ce idan ido ya ga buhu hannu yakan saki, abincin wata uku sai ya ƙare a wata ɗaya. Ya ce 'yan'uwa da maƙwabta idan suka san akwai hatsi a ɗaki ba za a daina aiko kwano ba, kuma shi ba zai iya cewa babu alhali akwai. Ya kuma ce albashin ba ya saura da zai dunƙule ya sayi buhu. Na fahimci har da abin da bai furta ba: a gidansu mahaifinsa ne ke auna hatsi da hannunsa kowace safiya, saboda haka yana ganin riƙe cefane wani ɓangare ne na girman maigida. Ba na son in taɓa masa wannan girma. Amma kuma ina ganin kyautar tiya ɗaya ga mabuƙaci daga buhun da aka saya da araha ta fi sauƙi a kanmu bisa ribar da muke biya kullum ba tare da kowa ya gode mana ba.

To a nan ne nake neman shawararki ta farko, kuma ita ce babba. Ta wace hanya zan sake ɗauko maganar ba tare da ya ji kamar ina raina ƙoƙarinsa ko ina neman karɓe ragamar gida ba? Na yi tunanin in riƙa rubuta duk abin da na saya a littafi har wata ya cika in nuna masa, amma ina tsoron ya ɗauke shi a matsayin tuhuma. Na yi tunanin in ce makullin ɗakin ajiya ya zauna a hannunsa, ya riƙa auna mini da kansa kamar yadda mahaifinsa ke yi. Akwai kuma maƙwabtana biyu da suka ce mu haɗa kuɗi mu sayi buhu mu raba, ko mu shiga adashin da za a kwasa daidai lokacin kaka. Wata ƙawata kuwa cewa ta yi in riƙa tsakurar wani abu daga kuɗin cefane ina ɓoyewa har ya taru. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, domin kuɗin amana ne aka ba ni don abincin ranar, kuma idan ya gano daga baya yardar da ke tsakaninmu ce za ta taɓu. Ina so ki faɗa mini gaskiya ko tsantseni na ya yi yawa, idan da hali kuma ki tambayar mana malami a kan hukuncinsa.

Idan Allah ya sa ya amince, sai maganar ajiya. Gidan haya muke, ɗaki biyu da ɗan madafi, babu rumbu. Wake shi ne abin tsorona, domin ƙwaro ba ya ɗaga masa ƙafa. Na san wasu na zuba masa fiya-fiya ko ƙwayar maganin ƙwari, ni kuwa ba zan sa guba a abin da 'ya'yana za su ci ba. Na ji ma'aikatan gona suna bayanin buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ake ɗaurewa tam iska ba ta shiga har ƙwarin su mutu da kansu, na kuma ji ana cika jarka da busasshen wake a toshe bakinta. Wanne ya fi dacewa da mai ƙaramin wuri, kuma yaya zan gane hatsi ya bushe sosai kafin in rufe shi? Ina tambaya ne saboda an gargaɗe mu cewa masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta.

Sai makamashi. Muna da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, amma yanzu na mayar da ita ta shayin safe da ɗumame kawai, sauran girki a kurfoti nake yi da gawayi, a tsakar gida, domin na san hatsarin kunna gawayi a rufaffen ɗaki. Ina jiƙa wake tun dare don ya yi saurin nuna, ina rufe tukunya, ina kashe ragowar garwashi da yashi in sake amfani da shi. Wata dattijuwa a layinmu ta ce idan shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke tukunyar a naɗe ta da tsohon bargo a sa a kwando, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Shin wannan dabara ba ta da illa? Haka kuma kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuɓewa, wasu na cewa yawanta yana cutarwa, ina son sanin iyakarta. Ga kuma miyar da nake so in riƙa yi ta kwana biyu don rage hura wuta, alhali wutar lantarki ba ta tsayawa balle a dogara da firji, zafin Afrilu a Kano kuwa yakan kai maki 40. Tafasa ta safe da yamma ya wadatar, ko ina jefa yara cikin hatsari?

Game da abin da ke cikin kwanon kansa, nama ya zama baƙo a gidanmu. Ina cike gurbinsa da awara da ƙuli-ƙuli da ɗan busasshen kifi, ina yawaita daddawa, ina yin ɗanwake da garau-garau da faten tsaki mai zogale ko rama, autan kuma ina dama masa kunun gero da na haɗa da soyayyen waken suya da gyaɗa. Manyan yaran sun fara ƙorafin tuwo miyar kuka, musamman idan sun ga abin da 'yan ajinsu ke zuwa da shi. Ina so ki gaya mini ko wannan abinci ya isa gina jikin yaro mai tasowa.

Wanki kuwa shi ne aikin da ke cin kuɗi a ɓoye. Famfo ba ya kawo ruwa a layinmu, daga 'yan ga-ruwa muke saye jarka-jarka, kuma ranar babban wanki kura guda ba ta isa. Rijiyar gidan tana da zartsi, sabulu ba ya kumfa a ruwanta sai an zuba ninkin abin da aka saba, fararen kaya kuma suna fitowa da dusashewa. Da damina ina tara ruwan sama a baho da randa, shi ne lokacin da sabulu ke yi mini auki. Ina jiƙa kayan makaranta kafin in cuɗa, ina fara wanke farare in bi da masu launi a ruwa ɗaya, ruwan ɗauraya kuma da shi nake wanke tsakar gida da banɗaki. Duk da haka omo ba ya kai mini inda nake so. Akwai abin da ake sa wa ruwan zartsi ya yi laushi ba tare da ya ci tufa ko hannu ba? Ina ganin mata suna koyon haɗa sabulun ruwa da na sanda a gida, amma na ji sodar da ake haɗawa da ita tana ƙona fata da ido, ga ni da yaro mai taɓa duk abin da ya gani. Ko ribar ta kai a ɗauki wannan kasada?

Sai kayan maigida. Shaddarsa ta Juma'a da ta zuwa aiki a da wajen masu wanki da guga ake kaiwa, yanzu ni nake yi. Ina wanke ta da ruwan sanyi, ina shanya ta a inuwa a juye don kada ta koɗe, ina dama sitaci da kaina, amma dutsen guga na gawayi yana tsorata ni, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda rigar da ba mu da halin maye gurbinta. Atamfofina ma wasu suna zuba, an ce a jiƙa sabuwa a ruwan gishiri, na gwada ban ga bambanci sosai ba. Idan akwai hanyar da ta fi wannan ina son ji, haka nan yadda zan hana kaya warin danshi a watan Agusta, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba kuma dole a shanya a ɗaki.

Hajiya, na san tambayoyin sun yi yawa ga fili ɗaya. Idan lokaci bai ba ki damar amsa duka ba, ina roƙon ki fifita ta farko, wato yadda zan shawo kan maigida mu sayi hatsi da kaka, domin kakar bana tana matsowa kuma ba na so ta wuce mu kamar ta bara. Yakan saurari shirinki idan yana gida, saboda haka idan za ki yi wa magidanta magana gaba ɗaya a kan wannan batu, cikin lafazin nan naki mai taushi, zai fi karɓa daga bakinki.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya da basira.

Wassalam.

Taki mai sauraro a kullum,
Uwar yara huɗu, daga Kano.