Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Lafiyar Mata Masu Haihuwa a Hannun Ungozoma

Assalamu alaikum iyayenmu Hajiyoyi, yayye da ƙanne, 'yan ƙungiya na unguwannin Aboabo, Asawase da Sabon Zango a birnin Kumasi na ƙasar Ghana.

Aikinmu na bana ya karkata ne ga abu guda, wato mace ta isa hannun ungozomar asibiti a kan lokaci. Binciken lafiyar mata masu haihuwa da aka gudanar a Ghana a 2017 ya nuna mata 310 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma zubar jini bayan haihuwa da hawan jini mai kawo jijjiga suna cikin manyan dalilai. Ungozomomi sun san maganin duka biyun, amma sanin ba ya amfani idan an kawo mace bayan ta kwana ta wuni a kan gwiwa.

Saboda haka muka fi ba da ƙarfi ga gidaje. Mun bi taron suna da na biki da makarantun Islamiyya na matan aure, muna bayanin alamomin da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ganin dishi-dishi, da zubar jini komai ƙanƙantarsa. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kunyar mai cikin fari, wadda ke ɓoye naƙuda don kada a ce ta yi raki, da kuma jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin a fita. A ganin kwamiti, wannan jiran ya fi rashin kuɗi illa, shi ya sa muka roƙi limamai su ja hankalin mazaje su ba da izini tun ciki yana ƙarami. Rubutu da addu'a ba mu hana ba, mun dai ce a sha a kan hanya.

Tun 2008 awon ciki da haihuwa kyauta ne ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, don haka mun taimaka wa mata da dama wajen yin rajista da sabunta kati, tare da tunatar da su cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8.

Ungozomomin da suka zauna da mu sun bayyana nasu ƙuncin, musamman ƙarancin ma'aikata da daddare, da ɗaukewar wuta alhali allurar tsayar da jini tana bukatar firiji, da wahalar samun jini idan an tura mace asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Su ma mun isar musu da koken mata game da tsawa a ɗakin haihuwa, domin wadda aka wulakanta sau ɗaya da wuya ta koma.

Inda muka gaza shi ne batun ba da gudummawar jini, don matasan da suka amsa kiranmu ba su da yawa. Da shi za mu fara a shekara mai zuwa in sha Allahu, kuma muna roƙon kowace uwa ta kawo sunan ɗanta ko ƙaninta mai lafiya a zama na gaba.

Wassalam.
Sakatariya, a madadin kwamiti.